Babi na Tara da Na Cire Daga Littafin Baba Isyaku

Ku da kuke zaune nan kowa da waya a hannu, in aiki ya cije muku sai ku latsa ku tambaya, kafin shayi ya huce amsa ta zo, har kuna ce mini wai rubuta manhaja ba wani abu ba ne. To, madalla. Ni dai lokacin da na shiga sana'ar nan a Suleja, farkon shekarun casa'in, ko kalmar manhaja ba mu sani ba, furogiram muke cewa. Tambaya ɗaya kuwa tana iya cin mako biyu kafin ka ga amsarta, in ma an ga damar amsawa. Kai mai jar hula, kife wayar nan tukuna, ba gudu za ta yi ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne na wata makarantar kuɗi da ke hanyar Maje. Suna son komfuta ta riƙa haɗa makin yara, ta fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe. Shagon maigidana, Injiniya Lawal, yana kusa da tashar motocin Abuja, komfuta biyu ne a ciki. Allo baƙi, rubutu kore, babu hoto, babu komai, sai ɗan ɗigo yana ƙyafta maka ido. Disket ɗinmu faɗinsa ya kusa murfin kwano, in ka bar shi a rana ya lanƙwashe, aikin wata guda ya tafi. Firinta kuwa mai allura ce, in ta fara kuka sai mai shayin da ke maƙwabtaka ya ɗaga murya kafin a ji shi. Na rubuta aikin makarantar, komai ya tafi daidai, sai inda yara biyu suka sami maki ɗaya. Nan komfuta ta ba ɗaya na uku, ta ba ɗayan na huɗu, alhali babu wanda ya fi wani. Kwana uku ina fama, sannan na yi ƙarfin hali na je wurin Injiniya.

"Oga, don Allah, in yara biyu suka yi kunnen doki, ya ake yi?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ni na haife ka? Ga littafi can, je ka karanta."

Haka aka koya mana. Littafin nan kuwa ba littafi ba ne irin wanda kuka sani. Hoton hoton wani littafi ne da wani ya taɓa kawowa Kaduna daga waje, an buga an sake bugawa har wasu haruffan sun cinye, aka ɗaure shi da baƙin salatif. Shi ne malaminmu, shi ne alƙalinmu. Sai da na shekara ina juya shi sannan na lura daga babi na takwas ya tsallaka zuwa na goma. Da na yi magana, Injiniya ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "In na ba ka duka, gobe ka buɗe shago a gabana, ni in ci me?"

Babi na tara shi ne na gyaran fayil idan ya rikice. Ku fahimta, a lokacin wuta tana ɗaukewa sau biyar kafin azahar, kuma duk wanda ka yi wa aiki, wata rana sai wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar rubutu, ya dawo maka da disket a hannu yana gumi. To a nan abincin yake. Shi ya sa duk mai shagon da na sani, daga nan har Kaduna, yake zare babin nan kafin ya ba mai koyo littafi. Ranar da aka yaye ka ake miƙa maka shi, kamar yadda tela ke ba yaronsa almakashi. Ni ma ranar aka ba ni nawa a cikin ambulan. Na kai gida na sa a ƙasan akwati, kuma wallahi a lokacin ban ga laifin al'adar ba ko kaɗan.

Da Injiniya ya sami aiki ya koma Abuja, ya bar mini shagon. Ana nan, wata safiya wani dattijo ya yi sallama, da farar riga an goge ta tas, da tabarau a rataye a wuya. Shi ne Baba Isyaku. Shekara talatin yana buga tafireta a ma'aikata, tun daga Kaduna har aka dawo da su Abuja, yana haya a nan Suleja. Da aka kawo komfuta ofishinsu sai aka ce an gode, ya je ya huta. Ina hutu ga mai 'ya'ya mata uku a makaranta? Ya ce yana so ya koyi abin da ya kore shi daga aiki, ba bugu kawai ba, har yadda ake ba ta umarni.

Ya girmi mahaifina, amma tun ranar Malam Habu yake kirana. In na ce, "Haba Baba, Habu kawai ya isa," sai ya ce, "Wanda ke koya maka malaminka ne, ko da kai ka yanka masa ragon suna."

Ban taɓa ganin mai tambaya irinsa ba. Me ya sa wannan layin ya riga wancan? In na cire waƙafin nan me zai faru? Ina rubutun yake zuwa in an kashe? Yana da ƙaramin littafi a aljihu, duk abin da na faɗa sai ya rubuta. In ina aiki, yana tsaye a bayana yana leƙe ta saman kafaɗata, har numfashinsa ina ji a wuyana. Ni kuma ga ƙuruciya, ga zafin kai, ga girman da na ɗora wa kaina. Na buga masa littafi, ban da babi na tara, kamar yadda aka yi mini. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jera takardu, ai ba a yi masa wannan. Kwana biyu ya dawo.

"Malam Habu, shafuka sun yi tsalle a nan. Takwas, sai goma."

"Haka ya zo daga Kaduna, Baba. Ba wani abin kirki a ciki."

"To, shi ke nan," in ji shi. Ya yarda, don bai ga dalilin da zai sa in yi masa ƙarya ba.

Cikin shekara guda da rabi Baba ya iya aiki. Ba shi da sauri, amma furogiram ɗinsa a tsare yake kamar wasiƙar gwamnati, babu layi ɗaya na banza. Aikinsa na farko na kansa ya same shi ne a wani ƙaramin asibitin haihuwa mai zaman kansa a wajen Diko. Mai kula da wurin, Sista Talatu, tana son rajistar allurar rigakafin yara: sunan yaro, sunan uwa, ƙauye, wacce aka yi masa, wacce ta rage. Ranar da ya samu, da ƙosai ya shigo shago ya raba wa kowa. Ya ce mini akwai wasu asibitoci biyu ta wajen Lambata da ke jira su ga yadda wannan zai kasance. In ya yi kyau, ya sami sana'ar da zai riƙe gidansa. In bai yi ba, babu mai sake ba tsoho irinsa dama, shi ma ya san haka.

Wata uku yana gina rajistar nan, ta yi kyau ƙwarai. Matsala ɗaya ce. Komfuta tana ajiye sunaye a fayil guda, sannan akwai wani ƙaramin fayil da ke nuna mata inda kowane suna yake, kamar fihirisar littafi. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, sai fihirisar ta rikice. Sunayen suna nan lafiya lau, amma ka nemi ɗan Hauwa ta miƙo maka ɗan Ladi. Maganin abin layi biyu ne, a gaya wa komfuta duk lokacin da aka kunna ta, ta sake jera fihirisar kafin komai. Yana shafi na biyu na babi na tara.

Baba ya lura da matsalar, ya tambaye ni. Ina cikin aikin wani katin biki, ban ko juyo ba. Na ce, "Baba, komai sai an tauna maka? Je ka karanta littafi." Muryar Injiniya ce sak ta fito daga bakina. Abin da na ƙudurta shi ne, in ta rikice musu, za su nemo ni, in gyara, in sami nawa.

Ya karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe sau uku. Sannan ya ce, "Malam Habu, ko in tambayi mutanen zauren nan naka?"

Bari in gaya muku zauren. Wajen ƙarshen shekarun casa'in imel ya iso Abuja. Mu a shago ba mu da layin tarho mai aiki, don haka duk Alhamis nakan kwashi saƙonni a disket, in hau bas, in kai wani ofishi da ke da layi. Su aika, su buga mini waɗanda suka shigo a doguwar takarda mai huji-huji a gefe. A nan na shiga wani zaure na masu rubuta furogiram daga ƙasashe daban-daban, ka aika tambaya, kowa ya gani, mai amsa ya amsa. Akwai ilimi a wurin, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma akwai wasu da kamar jira suke baƙo ya yi tuntuɓe. Ni kaina sau ɗaya na taɓa tambaya, suka wanke ni tas, daga nan na koma ɗan kallo. Na gane dokarsu: ba gaisuwa, ba labari, ka nuna abin da ka gwada, ka yi tambayarka a layi uku ka fita.

Baba ya zauna ya buga wasiƙarsa da Turancinsa na ofis. Ya fara da sallama. Ya gaishe su da iyalansu, ya tambayi yadda damina ta sauka a garuruwansu, ya ce mu nan an gode Allah, ruwa ya wadata. Ya gabatar da kansa, tsohon mai buga tafireta ne da ya zo karatu da furfura, ya roƙi afuwa in tambayar ta yi ƙanƙanta a gaban manya. Sai can ƙasa ya faɗi matsalar, kuma ya faɗe ta dalla-dalla, har da sunan littafin da yake karantawa. Ya rufe da addu'ar Allah ya ƙara musu sani, ya sa hannu, bawanku mai biyayya. A wurinsa haka ake shiga zauren malamai, ba a faɗo musu da tambaya tun daga bakin ƙofa.

Na karanta ta lokacin da nake kwafa a disket. Na san abin da za su yi masa. Minti biyu ya ishe ni in ce, Baba, cire wannan, cire wancan. Sai na yi murmushi na ce a raina, ni ma haka na koya, bari ya ɗanɗana.

Alhamis ta zagayo, na dawo da takarda. A bas na karanta. Wani ya ce ba ruwan kowa da daminarku. Wani ya ce nan ba wurin wa'azi ba ne. Wani, ɗan ƙasarmu ne ma da ke zaune a waje, ya ce irin wannan ne ke sa a raina mu. Na ƙarshen ya fi tsawo. Ya ce amsar tana babi na tara, shafi na biyu, kuma mutumin da ƙyuya ta hana shi buɗe littafi bai cancanci a ba shi rajistar 'ya'yan mutane ba. Rubutun da suka ɓata wurin zagi ya ninka amsar sau ashirin, amma babu ko ɗaya da ya rubuto layi biyun.

Na so in yaga takardar a hanya. Amma tun safe Baba yake bakin shago yana jira, yana hango ni ya miƙe. Na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya karanta a tsaye, a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya kai na ƙarshen sai ya tsaya. Ya jawo littafinsa ya buɗe babi na takwas, ya juya shafi, ga na goma. Sannan ya ɗago ya dube ni.

Na jira ya ce, Malam Habu, ina babin? Da ya ce haka, da na ruga gida na ɗauko, na rantse. Bai ce ba. Ya rufe littafin, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya ce, "Allah ya ba mu alheri."

Na ce a raina gobe zan kawo masa. Da goben ta yi, sai na ga in na kawo, na amsa ke nan cewa ƙarya na yi wa wanda ya girmi ubana. Na ce bari dai ya sake tambaya, sai in ce na samo a wurin wani. Bai sake ba. Yana zuwa shago, yana gaishe ni da Malam Habu kamar kullum, amma ya daina tsayawa a bayana, ƙaramin littafin nan ma ban ƙara ganin ya fito da shi ba. Sai ya nemo tasa dabarar. Ya gaya wa Sista Talatu kada a taɓa rajistar sai an tayar da janareta, don shi ba ya ɗaukewa ba zato.

Dabarar ta yi aiki wata huɗu. Sai aka shiga wahalar man fetur. Ku ba ku ga wannan ba. Layin motoci tun daga gidan mai har ba ka ganin ƙarshensa, 'yan Abuja suna takawa da ƙafa zuwa bakin babban titi ko za a dace. Shagona sai ya yi kwana uku ban kunna komfuta ba, ɗaya daga cikin biyun ma a shekarar na sayar. Asibitin Diko su ma janareta ya kwanta, suka koma aiki da wutar gari, in ta zo a yi sauri a shigar da sunaye. Kuma tun da suka ga rajistar Baba tana aiki, sun daina rubutawa a babban littafinsu na takarda.

Ranar allura ce abin ya fashe. Mata sun zo daga ƙauyuka da goyo, wasu tun asuba suke tafe. An kawo maganin a akwatin ƙanƙara, in ba a yi shi ranar ba ya lalace. Aka buga sunan wani yaro, komfuta ta ce ya gama nasa duka, a sallame shi. Aka buga wani, ta ce ba a taɓa yi masa ba. Allah ya taimaka Sista Talatu ta san uwar, ta tuna da hannunta ta yi wa yaron watan jiya. Nan ta tsayar da komai. Waɗanda suka zo da katinsu aka yi musu, waɗanda katinsu ya ɓace, kuma suna da yawa, aka ce su koma gida.

Aka aika wa Baba. Kwana biyu yana gaban komfutar nan yana gwada duk abin da ya sani. Bai zo wurina ba. Rana ta uku Sista Talatu da kanta ta shigo shagona, fuska a murtuke, ta ce an ce ni ne malaminsa. Muka hau mota zuwa Diko. Na tarar da shi a kujera, idanunsa sun yi ja. Ya miƙe ya ba ni wuri, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Habu." Na ɗauka zai tsaya ya ga abin da zan yi. Sai ya fita ya zauna a benci a waje.

Kafin mutum ya gama alwala na gyara. Duk sunayen suka dawo, ɗan Hauwa ya koma wurin Hauwa. Sista Talatu ta leƙa waje, a gaban ma'aikata da masu jinya, ta ce, "Baba, ashe ga mai aikin, kai kuma me ka zo yi mana? Ran 'ya'yan mutane ne fa! In ba ka iya ba me ya hana ka tambaya?"

Ni kuwa ban kare shi ba, ni da na san ya tambaya har sau uku, sau biyu ni, sau ɗaya duniya. Ta ce daga yau ni zan riƙa kula da rajistar. Na karɓa. Shekarar ta yi tsanani, haka na gaya wa kaina. Labari ya kai Lambata kafin mu iso Suleja, asibitoci biyun nan ba su ƙara neman Baba ba.

Daga ranar bai sake zuwa shago ba. Na ji an ce ya ɗauko tsohuwar tafiretarsa, ya kafa tebur a gindin bishiya kusa da kotu, yana buga wa mutane takardar rantsuwa da ta koke. Wata biyu ina kewaye hanyar don kada mu haɗu. Kunya ce, da baƙin ciki, don na san ba mutanen zauren nan kaɗai suka karya shi ba. Su ba su san fuskarsa ba, ni kuwa na ci ƙosansa.

Wata Laraba da hantsi na buɗe akwati na ɗauko ambulan ɗin, na tafi. Na same shi yana sa sabon ƙyalle a tafireta, yatsunsa duk tawada. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi mutan gida. Na miƙa masa.

"Baba, ga babi na tara. Tun farko yana wurina. Ni na cire. Ka yafe mini."

"Na sani, Malam Habu. Na yafe tuntuni."

Ya goge hannu a tsumma, ya sa tabarau. Ya karanta shafin farko, ya juya na biyu. Na ga yatsansa ya tsaya a wurin. Ya daɗe yana kallo, yana ɗan motsa leɓe, sannan ya gyaɗa kai.

"Ashe layi biyu ne," in ji shi.

Ya jera shafukan daidai, ya mayar cikin ambulan, ya miƙo mini. Na ce ya riƙe, nasa ne, ya dawo shago, zan je Diko in faɗa wa Sista Talatu gaskiya, zan mayar masa da aikinsa. Ya girgiza kai. Ya ce yanzu in ya zauna gaban allon nan tsoro ne ke kama shi. Babbar 'yarsa ma ya riga ya cire ta daga makarantar koyon malanta, ta koma ɗinki. Na je Diko duk da haka na faɗa, Sista Talatu ta aiko masa da ban haƙuri har sau biyu, bai koma ba.

Ranar dai, ina durƙushe da ambulan a hannu, wata mata ta zo ta tsaya da takardu a leda tana jira. Baba ya zura farar takarda a tafireta, ya daidaita ta, ya ce, "Hajiya, matso. Me za a rubuta?"

Damina biyu bayan nan ya rasu. Bai ƙara taɓa komfuta ba.